Cikin Da Ban Ƙirga Ba

Duk macen da ta taɓa zuwa awo ta san tambayar da nas take jefowa bayan ta rubuta suna da shekaru: "Ciki na nawa ke nan?" Ranar da aka yi mini wannan tambayar, ina da shekara 23, na ce na fari. Ba gaskiya na faɗa ba, na biyu ne.

Na farkon na same shi ina da shekara 21, aurena ko shekara bai rufa ba. Ya kai mako 17 lafiya lau, har na fara jin wani ɗan motsi kamar kumfa a ƙasan cibiyata, sai wani dare na farka na ji katifa sharkaf. Faya ce ta fashe. Aka kwantar da ni a asibiti ana ba ni magani, ana jiran a ga abin da hali zai yi. A kwana na biyu zazzaɓi ya rufe ni, haƙorana suna haɗuwa, ruwan da ke zuba ya fara wari. Likita ya kira maigidana gefen gado ya yi mana magana ba ɓoye-ɓoye: ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa, ɗan mako 17 ba ya rayuwa a waje, in kuma aka bar shi a ciki zai tafi da uwarsa. Ya ce sai an cire. Na tambaye shi ko zuciyar ɗan tana bugawa. Ya ce tana bugawa. Da wannan amsar a kunnena na sa hannu a takarda.

Aka sa mini maganin naƙuda, ya fito kafin asuba, mabiyiya ta maƙale, aka shiga da ni aka yi wankin ciki. Sun ceci raina, wannan kam ba ni da ta cewa, har gobe ina yi musu addu'a. Tun farko sun ɗebi jinina don ko za a buƙaci ƙari, don haka a takardar sallama, can ƙasa, akwai inda aka rubuta rukunin jinina: O, da ɗan gajeren layi a gefensa. Ba wanda ya nuna mini layin, ni ma ban tambaya ba. Na san jinotaif ɗina AA ne, na ɗauka iyakar zancen jini ke nan. Kwana huɗu aka sallame ni, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na ƙarin jini a leda.

A gida surukata ce ta yi jinyata. Mace ce marar yawan magana, ta riƙe ni tamkar 'yar cikinta. Wata rana ta same ni ina kuka, ta zauna bakin gado ta ce, "'Yar nan, ki bar tuna abin nan. Kowa ya tambaye ki, ki ce rashin lafiya kika yi. Abin da bai zo duniya ba, ba a ƙirga shi." Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, ta san bakin mutane. In aka ce mace ta yi ɓari, sannu ake yi mata. In aka ce an zubar mata da ciki, kafin a ji dalili an riga an yanke hukunci. Ni kuma da ma neman mai ba ni izinin mantawa nake yi. Na ninke takardar sallamar na tura ƙasan akwati.

To, shi ya sa bayan shekara biyu, a wani ƙaramin asibiti da ba su san ni ba, na ce wa nas cikin fari ne. Da sakamakon gwaji ya dawo ta duba ta ce, "Au, jininki nagetif ne. Amma tunda na fari ne ba damuwa, na fari ba ya samun matsala. In kin haihu ki tuna mana a yi miki allura." Na ji gabana ya ɗan faɗi. Bakina ya buɗe zan gyara maganata, sai na dubi matan da ke layi a bayana, gwiwa na gugar gwiwa, kowace kunnenta a buɗe. Na karɓi katina na fita.

Na haifi ɗa namiji a mako na 39. Aka yi mini allurar da aka ce, na ji na sauke nauyi. Bai cika kwana ɗaya a duniya ba idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, kafin dare tafin ƙafarsa ma ya rine, ya ƙi kama nono, sai barci. Shawara ba baƙuwa ba ce ga jarirai, amma wadda aka saba da ita sai kwana biyu ko uku take fitowa. Wadda ta zo a ranar farko, ita ce ke tayar wa likitoci hankali. Aka tura mu babban asibiti cikin dare. Suka tuɓe shi, suka rufe masa ido da wani ɗan ƙyalle, suka sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Bai isa ba. Washegari suka ce sai an musanya masa jini: ta jijiyar cibiya ake zuƙe nasa kaɗan-kaɗan ana mayar masa da wani, don a rage abin da ke rina shi kafin ya taɓa ƙwaƙwalwa. In ya taɓa, yaro kan iya kurumcewa ko jikinsa ya sandare har ƙarshen rayuwarsa. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin kusan awa uku, ɗinkin haihuwa yana ja na, ban ma san yana ja ba.

Ya rayu, alhamdulillahi. Amma akwai abin da ya faru a ɗakin nan da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai daga baya. Likitan yara, wani dattijo mai farin gilashi, ya juya katina sau biyu sannan ya dube ni. "Malama, kin tabbata wannan ne cikinki na fari? Ba ɓari, ba komai? Ba a taɓa yi miki ƙarin jini ba?" Surukata tana tsaye, ƙanwar maigidana tana tsaye, ga wasu iyaye mata biyu a gadajen kusa. Na ce na fari ne. Ya yi shiru, ya ce jinina da na yaron ne ba su jitu ba, kuma kafin in sake ɗaukar ciki in nemi likitan mata. Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, ai an riga an yi mini allurar.

Ciki na uku, ina da shekara 26, har da alfahari na je awo. Ni da kaina na gaya musu jinina nagetif ne, ni na tuna musu allurar mako na 28, aka yi mini. Kwana goma bayan nan cikina ya fara wani irin girma, fata ta miƙe tana ƙyalli, numfashi yana yi mini wuya, motsin kuma ya ragu. Mai yin sikanin ya daɗe yana goga abin a cikina bai ce uffan ba. Ruwa ya taru a cikin 'yar da ƙirjinta, fatar kanta ta kumbura. Aka rubuta mana takardar zuwa wajen ƙwararru. Kafin mu isa gabansu, bayan kwana biyu, zuciyarta ta tsaya. Na haife ta a mako na 30. Na roƙa aka nuna mini ita. Ba zan siffanta ta ba.

Wata likitar mata ce ta karɓe ni bayan nan. Abu na farko da ta yi shi ne ta ce kowa ya fita, har maigidana, ta tura ƙofa. Ta ajiye wata takarda a gabana ta ce wannan gwajin Coombs ne, wanda ke nuna ko jinin uwa ya riga ya ƙera makaman yaƙi da jinin ɗa. Nawa ya nuna 1:128, wato makaman sun yi yawa. Ta ce allurar da aka yi mini tana iya sa gwajin ya ɗan nuna alama, amma ba ta kai shi nan. Sai ta ce, "'Yar'uwa, ni ba alƙali ba ce. Jikinki ya taɓa haɗuwa da jini fozitif kafin ɗanki na fari. Ki gaya mini yaushe." Shekara biyar ke nan ban furta zancen ba. Na faɗa mata duka, har da bugun zuciyar.

Ta bar ni na yi kukana, sannan ta jawo takarda ta yi mini zane. Ta ce a jikin jajayen ƙwayoyin jinin yawancin mutane akwai wani tambari da ake kira D. Mai shi, shi ne Rh fozitif. Marar shi, nagetif. Rashinsa ba ciwo ba ne, mutum zai yi rayuwarsa har tsufa bai sani ba. A cikin Turawa kimanin mutum 15 cikin 100 ne ba su da shi, a Afirka kuwa kimanin 5 ne, shi ya sa a wurare da yawa ba a cika kawo shi a rai ba. Matsalar tana tasowa ne in uwa ba ta da tambarin, ɗan cikinta kuma ya gado shi daga uba. Jininsu ba ya gauraya haka kawai, mabiyiya ta shiga tsakani. Amma lokacin haihuwa, ko ɓari, ko cire ciki, ko wankin ciki, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ko zubar jini, ko bugu a ciki, ɗan jinin ɗan yana tsallakawa cikin na uwa. Ko ɗigon da bai kai rabin mililita ba ya isa. Garkuwar jikin uwa sai ta ga baƙon tambari, ta ɗauke shi abokin gaba, ta haddace kamanninsa. Ba ta mantawa. Ciki na gaba, in ɗan fozitif ne, makaman nan suna ratsa mabiyiya su riƙa farfasa masa jini. In abin da sauƙi, a haife shi da shawara da ƙarancin jini, kamar ɗana. In ya tsananta, jininsa ya ƙare tun yana ciki, zuciya ta gaza, jiki ya cika da ruwa, kamar 'yata. Kuma yawanci kowane ciki yakan fi na bayansa muni.

Na ce, "To allurar fa, Likita? Sau biyu aka yi mini."

Ta ce allurar anti-D rigakafi ce, ba magani ba. Aikinta ta bi ƙwayoyin jinin ɗan da suka shigo ta kawar da su kafin garkuwar uwa ta farga. Shi ya sa aka yanka mata awa 72. In garkuwa ta riga ta haddace, ko sau goma aka yi, ihu ne bayan hari. Allurar da za ta amfane ni, ita ce wadda ya kamata a yi mini cikin kwana ukun da suka biyo bayan wankin cikin nan, ina kwance a gadon asibiti, ga O da ɗan layinsa a rubuce a fayil ɗina.

Na daɗe ina raba laifi a raina, kuma har yau ban yarda da masu cewa duk nawa ba ne, ko masu cewa ba ni da ko kaɗan. Allurar farko ba ni na hana ba, ban ma san da ita ba. Waɗanda suka rubuta layin nan su ya kamata su sani. Amma da na faɗa wa nas gaskiya, ko da na amsa wa dattijon likitan nan, da an yi mini gwajin Coombs tun da wuri, da an bi cikin 'yata da ido tun yana ƙarami. Akwai wuraren da ake yi wa ɗa ƙarin jini yana cikin mahaifa, aikin da wani likita a New Zealand, William Liley, ya fara tun 1963. Na kuma ga laifin yadda ake tambayar. Maganar da mace ta ɓoye wa mahaifiyarta ba za ta faɗe ta a layin awo ba, ko a gaban dangin miji. Likitar nan ba wata dabara ta yi ba, ƙofa kawai ta rufe.

Daga baya na bi abin na karanta, kamar mai tonon miki. Tun 1940 Karl Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana wannan rukunin jini, sunan Rh ma daga wani biri mai suna rhesus da suka yi gwaji da jininsa aka samo shi. Masu bincike a Liverpool da New York suka gano rigakafin, aka fara amfani da shi a Amurka a 1968 da sunan RhoGAM. Kafin nan, cikin mata 100 masu jini nagetif da suka haifi ɗa fozitif, kimanin 16 garkuwarsu takan farka. Allurar bayan haihuwa ta sauko da su zuwa 1 ko 2, da aka ƙara ta mako na 28 kuma suka koma ƙasa da 1. Abin da ya fi tsaya mini shi ne daga jinin mutane ake tace ta, masu ba da gudummawa. Wani mutumin Ostireliya, James Harrison, ya ba da nasa fiye da sau 1,100, an yi ta haɗa wannan allurar da shi. Rigakafin nan kuwa an gano shi tun kafin a haife ni.

Likitar ta sa aka gwada maigidana, ya fito fozitif, kamar yadda ake zato. Ta ce abin da ya rage a sani shi ne ko tambarin ya gado ta gefe biyu ko ta gefe ɗaya. In ta biyu ne, duk ɗan da za mu haifa fozitif ne. In ta ɗaya ne, kowane ciki rabi da rabi: ɗan yana iya zuwa nagetif irina, makaman jikina ba su da abin da za su kama a jikinsa. Ta tambayi rukunin jinin iyayensa. Mahaifinsa ya rasu, sai muka lallaɓi surukata. Sakamakonta ya fito B, da ɗan layi a gefe, wato ta gefe ɗaya maigidana ya gado tambarin.

Maigidana shi ne ɗanta na fari. Bayansa akwai ƙanwarsa, sannan ta binne huɗu a jere, biyu sun yi kwanaki suka rine suka tafi, biyu ba su zo da rai ba. Na san da wannan tun shigowata gidan, amma ban taɓa jin ta ambata ba. Da likitar ta yi mata bayani a hankali, ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce, "Ashe abin yana da suna." A mota ba ta yi magana ba sai da muka kusa gida. Ta dafa gwiwata ta ce, "'Yar nan, ni na ce kar ki ƙirga. Ki yafe mini." Na ce ba ta yi mini komai ba. Abin da aka faɗa mata ta faɗa mini.

Shekara biyu muna ja da maigidana a kan sake gwadawa. Shi ya ce ɗaya ya ishe shi, ba zai sake tsayawa bakin ɗakin haihuwa a miƙo masa abu a naɗe ba. Ni ce na nace, ban kuma ce na fi shi gaskiya ba. Rabi da rabi ba ƙaramin caca ba ne da ran ɗa. Da cikin ya samu, tun daga mako na 18 ake yi mini wani sikanin na musamman da ke auna gudun jini a wata jijiyar ƙwaƙwalwar ɗan, duk mako biyu, wani lokaci duk mako. In jini ya yi ƙaranci yakan tsinke, sai ya riƙa gudu da sauri, da haka ake gane ɗan ya fara shan wahala tun kafin ya kumbura. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura: daren kowace ranar sikanin ba na runtsawa. Lambar ba ta taɓa haurawa ba. Aka haife ta a mako na 38, aka ɗebi jinin cibiya. O nagetif. Ko ƙarƙashin fitila ba ta kwana ba. Daga ita muka tsaya.

Bara waccan ƙanwata ta kira ni da dare tana kuka, "Yaya, jini nake zubarwa." Cikinta na fari, mako 14. Tun bayan abin da ya same ni na tisa ƙannena mata a gaba aka gwada su, ita kaɗai ta fito irina. Kafin in isa an yi mata wankin ciki, ana shirin sallamarta da safe. Na tambayi nas ko an yi mata anti-D. Ta ce ai ba haihuwa ta yi ba. Na ce a kira mini likita. Shi ya sani sarai, ya ce a rubuce take, babu ce a ma'ajiyar maganinsu. Ya ƙara da wani abu da ban sani ba: a ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan kula da masu zubewar ciki da cire shi, in cikin bai kai mako 12 ba ba ta ba da shawarar a yi allurar ba, don jinin ɗan da ke tsallakawa a lokacin bai taka kara ya karya ba, ko da yake wasu asibitocin suna yin ƙaramar, mai maikirogiram 50. Daga mako 12 zuwa sama kuwa ba a wasa da ita, sai cikakkiya, mai 300. Na ce to tata 14 ce, agogo kuma yana tafiya tun jiya.

Mijinta ya yini yana zaga kemis-kemis. Na ce masa duk inda ya samu ya tabbata daga firij aka ciro ta, ya duba ranar lalacewarta, ya kawo ta cikin ƙanƙara, don zafi yana kashe ta. Sai rana ta uku da hantsi ya dawo da ita, awa 60 da wani abu. Na tsaya a kanta har aka soka mata a damtse, na sa nas ta rubuta rana da lokaci a katinta, ta kuma rubuta: ciki na ɗaya. Wata shida bayan nan aka yi mata gwajin Coombs, ya fito babu komai. Yanzu tana goyon namiji.

'Yata tana da shekara tara. Kwanan baya tana binciken akwatina ta ci karo da katin haihuwarta, da tsohuwar takardar sallamar nan da ta yi laushi don ninki, a haɗe na ajiye su. Ta kawo mini tana nuna wa da yatsa. "Umma, mene ne wannan ɗan layin? Ga shi a nawa, ga shi a naki." Na ce alamar jini nagetif ce, irin namu, ni da ita da kakarta. Ta duba shekarar da ke jikin tsohuwar takardar, ta yi lissafi da yatsu, ta ga ta girmi yayanta da shekara biyu. Ta ce, "To wannan na waye?" Na jawo ta na zaunar kusa da ni, na ce ku huɗu ne, bari in fara miki daga na farkon.